Gam ɗin katako: ba araha ake fara tambaya ba

Ƙannena masu koyon kafinta a Katsina, idan kun shiga shagon kayan aiki, ku fara gaya wa mai shago abin da za ku haɗa da inda za a ajiye shi, sannan a yi maganar kuɗi. Ni da "wanne ya fi araha?" na fara, kuma na ji a jikina.

Farin gam shi ne abin aikinmu na kullum. Top Bond a nan Najeriya ake yin sa, shi ya sa ba ya wuyar samu. Fevicol na Indiya ne, Ponal na Jamus, amma duk dangi ɗaya ne, PVA. Ga gado da wadrob da duk abin da zai zauna cikin ɗaki, kowannensu ya isa. Inda na yi wauta shi ne sayen na awo, wanda ake ɗurawa a gorar ruwa babu suna. An riga an tsinka shi, ni ma na ƙara masa ruwa don ya yi auki. Da shi na haɗa gadon wata amarya da damina, aka kai Daura. Hunturu na shigowa katakon ya bushe ya ja jiki, mahaɗar ƙafa ta buɗe har farce na shiga. Uwar amarya ta ce, "Malam, wannan ne aikin?" Kuɗin motar ɗauko gadon kaɗai ya fi na gam mai kyau.

Kuma ba kullum laifin gam ba ne. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, kana shafawa yana fara yin fata cikin 'yan mintoci. Ka gwada haɗin tukuna, ka share ƙurar zarto, sannan ka shafa ka matse har ya ɗan tsatso ta gefe. Kada a ɗora masa nauyi sai ya yi awa 24. Farin gam ba ya cike gibi. Yankan da ya karkace, ko na Jamus aka zuba ba zai riƙe ba.

Abin da ruwa zai taɓa, kamar ƙofar waje ko bencin tsakar gida, ku duba lambar jure ruwa da aka rubuta a jikin robar gam ɗin. D3 yana jure danshi, D4 ya fi shi. Titebond III na Amurka ma yana jure ruwa sosai, sai dai farashinsa dala yake bi, a ganina asara ce a zuba shi a durowar ɗaki.

Gam ɗin Evo-Stik kuwa na famika ne, wato fallen nan mai santsi da ake mannawa a saman katako: a shafa ɓangare biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a manna sau ɗaya, don ba ya ba da damar gyara. Kada ku sa shi a ƙafar kujera, roba-roba yake zama. Ragowar farin gam ku rufe shi da kyau a inuwa. In ya yi gudaji ko ya fara wari, a zubar.