Sawun akuya a bakin rijiya

Ba mu da injin karanta jerin ƙwayoyin gado a nan Ngaundare, saboda haka aikin digirina na biyu ya tsaya ne kacokan kan bayanan da wasu suka riga suka tara. Na sauke na furotin RBFOX2, mai kama RNA (kwafin saƙon gado da ƙwayar rai ke aiki da shi), daga ENCODE, wani rumbun bayanan kimiyya a intanet, cikin dare, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki.

Dabarar gano inda furotin ke riƙe RNA ta burge ni tun ranar da na gane ta. Ana haska ƙwayoyin rai da hasken UV na nanomita 254, sai furotin ya manne da zaren RNA daidai inda yake riƙe da shi. Daga nan a zuba sinadarin da ke gutsuttsura RNA. Inda furotin ya zauna ya tsira, kamar yadda ƙasar ƙarƙashin tabarma ke zama busasshiya bayan yayyafi. A kamo furotin ɗin da antibodi, wato sinadarin da ke gane shi ya manne masa, a narkar da shi, a karanta guntayen da suka rage, a nemo mazauninsu a cikin jerin gado. A ɗakin binciken Robert Darnell na Jami'ar Rockefeller ta Amurka aka fito da ita a 2003, da sunan CLIP, aka gwada ta kan furotin Nova a ƙwaƙwalwar ɓera. Wadda na yi aiki da ita, eCLIP, ta zo a 2016.

Ni kuwa sai na jera wurare bisa yawan guntayen da suka taru a kansu. Wani RNA mai suna MALAT1 ya fito can sama, na yi ta murna, har na fara rubuta babi a kansa. Mako uku na kwashe.

Malamina ya dubi jadawalin, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, in ka ga sawun akuya birjik a bakin rijiya, can ne gidanta?"

Na ce, "A'a, Malam, kowace dabba na zuwa shan ruwa."

MALAT1 na cikin RNA mafiya yawa a cibiyar ƙwayar rai, don haka guntayensa kan bi kusan kowane kamu. Shi ya sa masu eCLIP ke ware wani kaso na samfurin kafin a kamo furotin, su karanta shi daban, a riƙa auna kamun da shi. Fayil ɗin yana nan a rumbun tun farko. Ni ne na tsallake shi don ina tsimin data, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da na sake lissafin da shi, jadawalin ya juye. Wuraren da suka hau sama yawanci a cikin intiron suke, wato sassan RNA da ƙwayar rai ke yankewa kafin ta yi amfani da saƙon, kuma da na leƙa jerinsu sai ga UGCAUG yana ta maimaituwa, haruffa shidan da aka san RBFOX2 yana kamawa. Babin MALAT1 na ajiye shi a wata jaka a kwamfuta, ban goge ba.