Darussan da na koya a shagon tsofaffin littattafan furanni

Lokacin da nake karatu a Ingila na yi aikin wucin gadi a wani shagon tsofaffin littattafai. Sashen da aka damƙa mini shi ne na littattafan zanen tsirrai, irin waɗanda ake buga layinsu da farantin jan ƙarfe, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi a sa musu launi.

Ƙirga aka fara koya mini. Kafin a yi maganar kyau ko ta kuɗi, sai an tabbatar zanen sun cika. Hortus Eystettensis na Basilius Besler, wanda ya fito a Jamus a 1613, zane 367 gare shi, kuma in guda ya ɓace, mai saye na haƙiƙa zai ja baya. Cikakken kwafi mai launi kuwa ya kai kusan fam miliyan 2 a gwanjon Christie's na Landan a 2016.

Sai kuma juya takarda. Maigidana yakan ce mini, "Kar fuska ta ruɗe ka, duba bayanta." Da yawa daga cikin waɗannan littattafai iri biyu ake fitar da su, mai launi da baƙi da fari mai rahusa. Wasu dillalai kan sayi mai rahusar su sa a shafa masa launi a yau, su sayar a matsayin tsoho. To, tsohon koren launi da jan ƙarfe ake haɗa shi, shekaru na tafiya yana cin takarda, har siffar ganyen ta fito ruwan ƙasa ta baya. Rashin wannan alama ba hujja ba ce kaɗai, amma ganinta yana kwantar da hankali. Daga nan sai a ɗaga takardar wajen haske a nemi tambarin masana'antarta.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne hannayen da suka yi aikin. Mujallar tsirrai da William Curtis ya kafa a 1787 da hannu ake sa mata launi har 1948, kuma masu shafawar, da yawansu mata, ba a rubuta sunayensu ba. In ka jera kwafi biyu na fure ɗaya, za ka ga wannan ja ya fi wancan kauri, a wani wurin burushi ya ɗan ƙetare layi. Elizabeth Blackwell ta yi sa'a sunanta ya tsira: ita ta zana, ta sassaƙa, ta sa launin zane 500 na littafinta na tsirran magani tsakanin 1737 da 1739, don ta fitar da mijinta daga kurkukun bashi. Wallahi duk wanda ya san wannan ba zai buɗe littafin da gaggawa ba.

Akwai ma wanda ya shafi ƙasarmu. Wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, ya tattara tsirrai a yankin Warri da Benin, ya buga littafinsu a Paris da zane 120, ciki har da wani nau'in goro. Masana tsirrai na komawa gare shi har yau.

Shi ya sa abin da ke ci mini rai a wannan sana'a shi ne masu farke littafi. Sun lissafa cewa in suka yanke zanen suka sayar ɗai-ɗai ga masu son ratayawa a falo, riba ta fi. Rubutun da ya faɗi sunan tsiron, inda aka samo shi da ciwon da yake magani, sai ya tafi shara, zanen kuma ya shiga gilashi rana na dukansa har launin ya koɗe. A shagonmu ba ma yin haka, ko da littafin ya zo da tabon ruwa da bango a ɓalle. Sai dai a kai shi wa mai ɗinkin littattafai.