Yadda nake koyar da amsar tambayar nan: "Ba an canza Littafinku ba?"

Babu tambayar da ta fi wannan zuwa wa Kirista mai jin Hausa, a kasuwa ne ko a makaranta ko a wurin aiki: "Ai an canza Linjila, wadda ke hannunku ba ta asali ba ce." Yawanci mai faɗin haka ba da mugun nufi yake yi ba, abin da ya taso yana ji ke nan. Damuwata tana ga mutanenmu. Wasu sukan fusata, wasu su yi shiru, wasu kuma su rantse cewa ko ɗigo ɗaya bai taɓa bambanta ba a cikin kwafe-kwafen Littafi Mai Tsarki. Amsa ta ukun nan ta fi sauran haɗari, domin ba gaskiya ba ce, kuma duk ranar da aka buɗe wa yaro Markus sura 16 aka nuna masa bayanin da ke gindin shafi, sai ya ga kamar fastonsa ya ɓoye masa wani abu. Shi ya sa nake koyar da batun a zama 3, kowanne minti 45, ga ajin baftisma ko matasa ko zumuntar mata. Ƙa'idata ita ce su fara jin wuraren da ke da wuya daga bakina, a cikin majami'a, tare da bayaninsu.

Zaman farko ba na yin wa'azi, aikin hannu muke yi. Ana bukatar mutum 12, takarda 12, biro, allo da alli, da nassi mai kalmomi 60 zuwa 80 da na rubuta da hannuna. Kada a ɗauki Yahaya 3:16 ko Zabura 23, domin za su rubuta daga ka, ba daga takarda ba. Labarin haɗarin jirgin ruwa a Ayyukan Manzanni sura 27 ya dace, ba kowa ya haddace shi ba. A karɓe wayoyi, a rufe Littattafai.

Mutum 3 ne za su fara kwafa daga takardata, kowa a kusurwarsa, cikin minti 4. Sai in naɗe tawa in sa a aljihu. Kowane ɗaya daga cikinsu zai ba mutum 3 tasa su kwafa, sai a sami kwafi 9 a gida uku. Kafin a fara nakan kira ɗaya daga cikin ukun farko a asirce in ce ya ƙara jimla ɗaya ta kansa a tsakiya. Bayan an gama sai in karɓe na ukun farkon nan ma. Abin da ya rage a hannun aji kwafi 9 ne, babu na asali, kuma aikinsu su fito da shi a kan allo, layi bayan layi.

Kurakuran da kan fito kusan iri ɗaya ne kullum. Wani ya rubuta k a wurin ƙ, wani ya raba "suka" gida biyu, wani ya juya kalmomi biyu. Wanda ya fi koyarwa shi ne tsallake layi: idan layi biyu sun ƙare da kalma ɗaya, ido yakan yi tsalle daga ta farko zuwa ta biyu, abin da ke tsakani ya faɗi. Masu kwafar Helenanci na dā, wato harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun sha yin wannan kuskuren. Jimlar da aka ƙara kuwa takan bayyana a kwafi 3 kaɗai, duk 'yan gida ɗaya, sauran 6 ba su san da ita ba, kuma ajin da kansa yake gano ta. Sa'ad da na fito da takardata aka gwada da abin da ke kan allo, bambancin bai cika wuce kalma ɗaya ko biyu ba. Gani ya kori ji.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko, a jera mutane layi ɗaya, kowa ya kwafa daga na gabansa, a ƙarshe a duba ta mutumin ƙarshe kaɗai. Wannan zai koyar da kishiyar abin da ake so, kuma ba haka Sabon Alkawari ya yaɗu ba. Ya bazu ne ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, zuwa Masar da Suriya da Roma da Arewacin Afirka, kuma a ƙarnukan farko babu sarki ko shugaban ikkilisiya da yake da ikon tattara kwafe-kwafen duka ya gyara, ikkilisiyar ma tana shan tsanani ne. Na biyu, ajin ya ɗauka cewa rinjaye shi ne gaskiya. Idan kuskure ya shiga tun daga uban gida, duk 'ya'yansa za su gaje shi, ko su ɗari ne. Ana duba tsufan kwafi da gidan da ya fito, ba yawan hannu kawai ba.

Zama na biyu na igiya ne. Nakan auna igiya mita 9 in ɗaure ta a jikin bango, kowace mita shekara 100, daga shekara 200 kafin haihuwar Almasihu zuwa shekara ta 700 bayanta. Haihuwarsa tana kan mita 2. Sai a rataya katuna. A santimita 75 akwai naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samo a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wanda masana ke sa shi wajen shekara 125 kafin Almasihu. Tsawonsa ya haura mita 7, yana ɗauke da surori 66 na Ishaya. Kafin a same shi, cikakken kwafin Tsohon Alkawari na Ibrananci da aka fi dogara da shi shi ne na Leningrad, na wajen shekara ta 1008. Tazarar fiye da shekara 1,000 ke nan, amma da aka gwada su sai aka tarar yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan abubuwa. Ishaya 53, mai maganar bawan da aka soke saboda laifofinmu, tana nan tun kafin a haifi Yesu.

Daga nan sai Sabon Alkawari. Guntun takardar da ake kira P52, wadda ba ta kai tafin hannu ba, tana ɗakin karatu na John Rylands a Manchester, ɗauke da 'yan ayoyi daga Yahaya 18, kuma yawanci ana sa ta a ƙarni na 2. P66 mai yawancin Bisharar Yahaya, da P46 mai wasiƙun Bulus, na wajen shekara ta 200 ne, wato kan mita 4. Manyan littattafan fata biyu, na Sina'i da na Batikan, na ƙarni na 4 ne, wajen mita 5 da rabi. Na Sina'i yana da Sabon Alkawari cikakke, mafi yawansa yana Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan, an kuma sa hotunan shafukansa a intanet, duk mai waya zai iya gani. Na Iskandariya na ƙarni na 5 ne. Kati na ƙarshe shi ne shekara ta 610, lokacin da maƙwabtanmu Musulmi suke lissafin farkon saukar Alƙur'ani, a mita 8 da santimita 10. Ba na ƙara komai a kansa, nakan bar ajin su dubi yawan katunan da ke gabansa. Mai cewa an canza littafin sai a tambaye shi cikin ladabi: yaushe? Idan bayan wannan lokaci ne, ga littattafan da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru, suna faɗin gicciye da tashin Yesu daga matattu kamar yadda namu yake faɗi.

Igiyar ce kuma take warware zancen taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekara ta 325, wanda ake cewa a can Sarki Kustantin ya zaɓi littattafan da yake so ya ƙone sauran. Taron ya zauna ne musamman a kan koyarwar wani malamin ikkilisiya mai suna Ariyus game da allahntakar Almasihu, bai tsara jerin littattafai ba. Katin Nikiya yana mita 5 da kwata, P46 da P66 suna gabansa da fiye da mita guda. Iraniyus kuma, ɗaya daga cikin shugabannin ikkilisiya na dā, tun wajen shekara ta 180, ya rubuta cewa Bisharu huɗu ne.

Nakan ja kunnen masu koyarwa a kan lissafin nan na kwafi kusan 5,800 na Sabon Alkawari a Helenanci. Adadin daidai ne, amma yawancinsu na bayan ƙarni na 9 ne, da yawa kuma gutsattsari ne. Wanda ya ce duk na zamanin manzanni ne ya miƙa wa abokin gardamarsa sanda.

Zama na uku shi ne mai nauyi, kowa da Littafinsa a buɗe. Muna duba wurare uku. Markus 16:9-20 babu shi a littafin Sina'i da na Batikan. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a P66 da waɗannan biyun. Sai jimlar 1 Yahaya 5:7 mai cewa uku ne suke shaida a sama, wadda ke cikin fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 amma babu ita a tsofaffin kwafe-kwafen Helenanci. Irasmus, masanin da ya buga Sabon Alkawari na Helenanci, bai sa ta a bugunsa na 1516 ba, sai a na 1522. A nan nakan tuna musu da jimlar da ɗan ajinmu ya ƙara. Akwai kuma ayoyi ɗai-ɗai irin su Ayyukan Manzanni 8:37 da Yahaya 5:4 da wasu fassarori suke saukarwa gindin shafi. Mai koyarwa ya duba tun a gida yadda bugun da ke hannun mutanensa ya yi da waɗannan wurare, domin fassarar Hausa ta 1932 da ta 1979 da na baya-bayan nan ba lallai su zo ɗaya ba.

Fuskoki kan canza a wannan zama, musamman na dattawa, kuma bai kamata a yi gaggawar wucewa ba. Nakan ce su rufe wuraren uku da hannu, sa'an nan mu nemi koyarwar a wani wuri. Tashin Yesu yana Markus 16:6, da Matiyu 28, da Luka 24, da Yahaya 20, da 1 Korantiyawa 15. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suna Matiyu 28:19 da 2 Korantiyawa 13:14. Ba wata koyarwar bangaskiyarmu da ta rataya a kan ayar da ake shakkarta. Kuma masanan Kirista ne da kansu suka tono waɗannan bambance-bambance suka buga su a gindin shafi don kowa ya gani.

Kusan kullum wani zai tambayi Linjilar Barnaba, littafin da wasu ke cewa shi ne Linjila ta asali. Amsar gajeriya ce: kwafinta da aka sani na Italiyanci ne da Sifaniyanci, ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa ba, tana sa mutum ya isa Nazarat a jirgin ruwa alhali garin yana kan tudu, tana kuma cewa Yesu ba shi ne Almasihu ba, abin da ya saɓa wa Alƙur'ani ma.

Minti 15 na ƙarshe na gwaji ne, biyu-biyu, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa cikin minti 2. Sharuɗɗan su ne: a fara da gaisuwa, a ce "Malam" ko "Baba" ko "Yaya" yadda ya dace, kada a taɓa littafin mutum ko annabinsa da baƙar magana, kada a yi a tsakiyar taro inda kowa ke kare mutuncinsa, a bari sai an zauna biyu. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi, kuma nakan tsayar da duk wanda ya ɗaga murya ko da amsarsa daidai ce. Idan aka yi tambayar da mutum bai san amsarta ba, ya ce "Ban sani ba, amma zan bincika in dawo maka," ya rubuta ta a takarda ya kawo aji ranar Lahadi mai zuwa.