Rasit ɗin da ya canza kuɗinsa da kansa

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya ba ni aikin rubuta masa manhajar da za ta riƙe lissafin shagonsa: abin da ya shigo sito, abin da ya fita, da waɗanda ake bi bashi. Na ɗauki harshen kwamfuta na Python da Django, wato kayan aikin gina manhaja da harshen, rumbun bayanai kuma PostgreSQL. A Django, kowane ajin bayanai da ka rubuta, wato fasalin wani nau'in abu kamar kaya ko kwastoma, yana zama tebur a rumbu, kowane abu da ka ƙirƙira daga ajin ya zama layi ɗaya a teburin, ka ce masa save() ya adana kansa. Wannan salon shi ake kira Active Record, sunan da Martin Fowler ya raɗa masa a 2002, Ruby on Rails, takwaran Django a harshen Ruby, kuma ya yaɗa shi tun daga 2004. Daɗinsa sauri. Cikin mako guda na gama ajin Kaya, da Kwastoma, da Rasit, da Layin Rasit.

A Layin Rasit matsalar ta ɓuya. Na sa ya riƙe sunan kaya da adadin buhuna, farashi kuwa ya riƙa leƙowa daga teburin Kaya, domin an koya mana kada a rubuta bayani ɗaya a wuri biyu. Bayan wata biyu masara ta yi tsada, yaron shago ya sabunta farashi, sai duk tsofaffin rasit suka tashi tare da shi. Ba wanda ya lura, har ranar da wani kwastoma ya zo daga Maraɗi zai biya bashinsa, takardar hannunsa ta ce wani abu, kwamfuta ta ce wani abu dabam.

Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya jawo tsohon littafinsa ya buɗe mini, ya ce, "Malam, ciniki in ya faɗa ya faɗa. Farashin ranar shi ne farashinsa." Na ce, "Alhaji, laifina ne, zan gyara." Na duba littafin shafi bayan shafi, babu inda aka goge komai. In an yi kuskure, sabon layi ake rubutawa a ƙasa. Nan na gane farashin da ke kan rasit da farashin da ke kan kaya ba bayani ɗaya ba ne: na farko shaidar abin da ya faru ne, na biyu halin kasuwa ne na yau. Na sa Layin Rasit ya kwafi farashi lokacin ciniki, na hana a taɓa rasit bayan an rufe shi. Kwana uku muka yi da yaron shago muna dawo da tsofaffin farashi daga littafin.

Matsala ta biyu ta fi ba ni tsoro. Ciniki ɗaya adanawa uku ne: a rubuta rasit, a rage buhuna a sito, a ƙara bashi. Wata rana wuta ta ɗauke tsakanin na farko da na biyu, rasit ya fita amma sito bai ragu ba. Kowane abu ya san yadda zai adana kansa, sai dai babu wanda ya san cewa su ukun tafiyarsu ɗaya. Na ɗaure su da transaction.atomic, wato ko duka su shiga rumbu ko babu wanda zai shiga, na kuma tattara aikin cikin umarni guda mai suna sayar. Yanzu ta wannan ƙofar kaɗai ake taɓa sito.

Na yi tunanin komawa salon Data Mapper, inda abu bai san da rumbu ba, wani sashe dabam ke lura da abin da ya canza ya adana shi lokaci guda. Haka Hibernate na harshen Java ke aiki tun 2001, haka ma SQLAlchemy na Python. A ganina tsarin ya fi tsafta, amma shago ɗaya mai tebur bai kai goma ba bai buƙaci wannan ɗawainiyar ba, don haka ban koma ba.

Kuɗi ma na daina ajiye su da lamba mai ɗigo irin float, tunda a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Kwabo nake ƙirgawa, cikakkiyar lamba, 100 a kowace naira.

Mutumin Maraɗi ya biya abin da ke kan takardarsa, amma da sefa ya biya. A daren na buɗe ajin Biya na ƙara masa gurbi biyu: irin kuɗin da aka karɓa, da farashin canji na wannan ranar.