Kilishin da zai hau jirgi

A 1999, shekarar da marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau kujerar gwamnan Katsina, mahaifina ya damƙa ni a hannun kawuna in koyi kilishi. Filin jirgin da aka sa wa sunan gwamnan nan daga baya, shi ne kasuwata a yau. Shagona yana gabas da gari, ta wajen hanyar Daura, a bakin titin da mai zuwa filin jirgi yake bi. Yara shida ke aiki a wurina, kuma mafi yawan abin da muke yi ba a Katsina ake cinye shi ba. A Abuja ake buɗe ledar, ko Legas, ko Fatakwal.

Da na kafa rumfa a nan, 'yan'uwana mahauta cewa suka yi na kai kaina bayan gari, kuma da gaskiyarsu. A wancan lokaci sai an fara jigilar alhazai filin yake farkawa. Mako biyu ko uku wurin ya cika da maniyyata da 'yan rakiya, motoci daga Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-Ma, Kankiya da Daura, mata da kuloli, tsofaffi a kan tabarma suna jiran kira. Da jirgin ƙarshe ya tashi sai a yi tsit har ranar da za a fara dawowa. Sauran watanni, mai son hawa jirgi sammako yake yi ya nufi filin Malam Aminu Kano, tafiyar fiye da kilomita 150, tsarabarsa ma a can zai saya, a Agadasawa. Ba na raina mutanen Agadasawa, gwanaye ne. Amma yana ci mini rai in ga Bakatsine ya sauka Abuja da tsarabar Kano, alhali ga tamu a gida.

Abin ya fara sauyawa a idona daga 2015, da Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. In zai yi Sallah a Daura, a nan jirginsa ke sauka, ga gwamnoni, ga ministoci, ga 'yan jarida, kowa da ayarinsa, kuma ba mai son komawa hannu rabbana. Sannan jiragen fasinja suka fara zuwa a kai a kai. Max Air, kamfanin ɗan garinmu Alhaji Ɗahiru Mangal, wanda muka fi sani da jigilar alhazai, ya shiga zirga-zirgar cikin gida. Mutumin da a da yake wuni a hanya ta Zariya da Kaduna, yanzu sai ya karya kumallo a Ƙofar Ƙaura, la'asar ta yi masa a Abuja. Halin da hanyoyi suka shiga ma ya tura mutane da dama jirgi, har da waɗanda suka sha rantsuwa ba za su hau ba. Ina zaune a rumfata na ga gonakin gero na gefen titi suna komawa gidaje da shaguna. Ni ma na rushe rumfar na gina shago, na kewaye filin shanya a bayansa.

Inda mutane suka taru kuwa, nan masu kwaikwayo ke taruwa. Zan dawo kansu.

A wurin Kawu, shekara guda cur ban taɓa wuƙa ba. Aikina korar ƙuda, juya shanya, da dakan citta da masoro har hannuna ya yi kanta. Ranar da ya yarda in riƙe wuƙa, ya yanko dunƙulen cinyar sa ya ce, “Kai yaro, wanga ba yanka ba ne, warwara ce. Ka taɓa ganin an warware rawani?” Ya ɗora naman a tafin hannunsa na hagu, ya kwantar da wuƙa, yana jan ta a hankali yana mirgina dunƙulen da babban yatsa. Nama yana sauka yana tsawo kamar an zaro zane daga adaka, bai huje ko wuri ɗaya ba. Da ya gama sai ya ɗaga shi ya kara da rana, ya sa hannunsa a baya. Ina hango inuwar yatsunsa biyar ta cikin naman.

“In ba ka ga yatsunka ba, balangu ka yi,” in ji shi.

Har gobe da wannan nake gwada yarana. Wanda ya kawo mini falle, ƙofa nake fita da shi in kara da rana. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kai haske kabarinsa.

Jan nama zalla muke amfani da shi, na cinya, a cire kitse da jijiya tas, domin kitse ne ke fara ɓata kilishi. Shanunmu daga Caranci da Mai'aduwa suke zuwa, kuma da kaina nake shiga kara in zaɓa, tun ranar da wani dillali ya aiko mini da tsohuwar saniya bayan mun yi magana a kan bijimi. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, shanu sun yi wuya ƙwarai. Na rage yawan abin da nake yi, ban sauya irin naman ba.

Bayan shanyar farko, in nama ya bushe har yana ƙara in an lanƙwasa shi, sai a tsoma shi a labu. Labu shi ne ran kilishi. Tunkuza ce tushensa, wadda matan da ke matsar man gyaɗa suke kawo mana da sassafe, sai citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, albasa, tafarnuwa da gishiri. Ni da dabino nake zaƙaƙa nawa, kamar yadda na taras a gidan Kawu, ana jiƙa shi tun dare a murje a tace. Kimba kaɗan ake sa wa, in ta yi yawa ɗaci ke biyo baya a maƙogwaro. Kanumfari kuma ba ya son a daka shi tun jiya, ƙamshinsa guduwa yake yi. A damar labu ake gane gwani: in ya yi kauri zai zauna a kan nama kamar yaɓe ya riƙa ɓarewa, in ya yi ruwa ba zai kama ba. Ana so in ka tsoma yatsa ka ɗaga, ya rufe farce amma ya riƙa ɗiga a hankali. Daga nan sai shanya ta biyu, sannan gashi a kan garwashin marke da ya gama ci ya kwanta. Harshen wuta ba ya taɓa kilishina. Ana ɗorawa, ana juyawa, launi ya sauya, ƙamshin gyaɗa ya tashi, a sauke.

Duk wannan na iya shi tun kafin in san ƙofar filin jirgi. Abin da filin ya ƙara mini, da tsada na saye shi. Wata Hajiya ta sayi kilishi mai yawa za ta kai wa surukanta a Abuja. Na naɗe mata a takardar siminti kamar yadda muka gada, da sauran ɗuminsa, ta cusa a akwati tare da shaddar maigidanta. Bayan kwana biyu ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, “Malam, mai ya fito ya ɓata riga biyu, kilishin kuma ya dagargaje.” Na biya kuɗin wanki, na kwana ina juya maganar. Kilishin da za a ci a ƙofar gida yana iya ɗaukar mai, har daɗi yake ƙara masa. Wanda zai hau jirgi kuwa, za a jefa akwatinsa, a ɗora wasu akwatuna goma a kansa, ya zauna a rana ana jiran lodi. Tun daga ranar na raba aikin biyu. Na jirgi, sai an ƙara matse tunkuzarsa, ya ƙara rabin wuni a shanya, ya huce sarai kafin ya shiga leda, a liƙe bakin da inji, sannan a jera shi a kwance cikin kwali mai tauri. Hajiyar nan har yau a wurina take saye, ita ce ma ta kawo mini rabin danginta.

To, masu kwaikwayo. Kana tsayawa a mararrabar filin jirgi za su yi maka caa, kowa da leda mai sheƙi, wasu har da tambari mai kama da nawa. Ka ɗauki nasu ka ji nauyi, ka ce ka yi riba. Labu ne aka jibga, da sukari, da jan kala, naman a ciki bai fi ganye ba, kuma bai gama bushewa ba domin ɗanye ya fi nauyi a sikeli. Nama na gaskiya yana zubar da fiye da rabin nauyinsa a shanya, wanda duk ya ba ka kilishi a kuɗin ɗanyen nama, ka tambayi kanka me ya sayar maka. Abin da ya fi ƙona mini rai, sun san mai hawa jirgi ba zai dawo ya kama su ba. Sai ya isa Legas, kwana uku ya buɗe ya ga fumfuna, ya faɗa wa abokan aikinsa, “Kilishin Katsina ke nan.” Ba sunan yaron zai kira ba, sunan garinmu zai kira, garin Gobarau, Ta Dikko ɗakin kara.

Su ne kuma suka ɓata mana ciniki. Kwanan baya wani Alhaji ya tsaya da mota, saura minti arba'in a rufe karɓar kaya, ya ɗauki kwali ya ji kuɗi ya ce, “Haba Malam, a can gaba rabin haka aka ce mini.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a kawo na can gaban mu gani.” Direbansa ya ɗauko ledar da suka riga suka saya. Na karya nasu, ya lanƙwashe bai karye ba, labu ya zube a kan teburi kamar ƙasa. Na karya nawa ya ce ƙas, zaren nama ya fito a bakin karayar. Na miƙa masa ya tauna. Bai ƙara magana ba sai, “Sa mini uku.” Ledar can kuma ya bar mini ita, na ajiye ina nuna wa yarana.

Akwai wani abu da sai mai sana'a a bakin filin jirgi zai sani. Hunturu shi ne lokacin da kilishi ya fi kyau, iska busasshiya, ƙuda kaɗan, shanyar safe ta bushe kafin azahar, sai dai a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Amma hunturun ne ke kawo hazo, hazo kuwa yana hana jirgi sauka. Sai ka shirya kwali ashirin, a ce jirgi bai zo ba, mutane su juya gida ko su kama hanyar Kano. Kilishin da ya bushe da kyau bai damu ba, zai jira mako biyu lafiya lau. Na masu leda mai sheƙi ne ba ya jira. Damina kuma ita ce jarrabawa, hadari na haɗowa mu kwashe shanya da gudu, aikin wuni ɗaya ya koma na kwana biyu, kuma ba na yarda a ƙarasa busarwa da wuta.

A 2020 da korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama, titin nan ya mutu murus. Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, alhazanmu ba su tafi ba. Ban sallami yaro ko ɗaya ba, dambun nama muka koma yi muna kaiwa gidajen cikin gari har aka buɗe.

Masu wucewa ƙasashen waje kuma ina gaya musu gaskiya tun kafin su biya. Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga nan, busasshe ko ɗanye. In an gani za a karɓe, wani lokaci har da tara. Na sha rasa ciniki saboda wannan maganar, masu tallan mararraba kuwa “ba komai, Alhaji” za su ce maka, su karɓi kuɗinsu.

Ranar 15 ga Yulin 2025 ban buɗe shago ba. Ranar ce aka sauko da gawar Buhari a filin nan bayan rasuwarsa a Landan, Shugaba Tinubu ya tarbe ta, aka wuce da ita Daura. Tunda nake ban taɓa ganin jirage da motoci a wurin kamar na ranar ba. Yarana suka ce ciniki zai yi kyau, na ce ba ranar ciniki ba ce. Muka tsaya a bakin titi tare da jama'a muna addu'a har ayarin ya wuce.

Yanzu babban ɗana ya shiga shekararsa ta biyu da wuƙa. Yana huda falle ɗaya cikin biyar, don haka na jirgi bai shiga hannunsa ba tukuna. Mai tafiya da ke son kwali fiye da biyar ya sanar da mu kwana biyu kafin ranar tashinsa, in damina ce kwana uku. Muna yin mai yaji da marar yaji, da na tsofaffi da ake bugawa ya yi laushi kafin a liƙe. In jirgin safe ne, ɗaya daga cikin yaran yana buɗe shago da an idar da sallar asuba.