Godiya bayan ruwa, adakar Baba ta tsira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, jiya muka kwana a ɗakinmu bayan kwana goma sha tara muna raɓe a zauren maƙwabta. Ba zan sake ba da labarin ambaliyar ruwan da ta ci gidanmu ba, kun ga hotuna, ni ma bakina ya gaji. Katanga ta tafi, gero ya tafi, katifu sai dai a ƙona. Rai dai ba a rasa ba.

Abin da ya hana ni barci har yau shi ne lokacin da muka gama fitar da yara da Inna, ina tsaye ruwa ya kai mini ƙugu, sai na tuna adakar marigayi Baba tana ƙarƙashin gado. Waɗanda suka san gidanmu sun san abin da ke cikinta: sitikun gidajen rediyo da ya tara tun yana saurayi, na ci gaba da tarawa bayan rasuwarsa. Ƙafata ta ƙi motsi. Ginin ƙasa ne, yana ta zubowa. Wani almajiri na makarantar allon bayan gidanmu, yaron da ko tuwo ba kullum muke ba shi ba, ya ji ina salati ina cewa adaka, adaka. Kafin in riƙe shi ya shige. Wallahi a wannan ɗan lokacin na tsani adakar, na tsani kaina. Sai ga shi ya fito da ita a ka, yana dariya. Allah ya ba ka Alƙur'ani, ya sa ka fi malaminka, ya jiƙan mahaifanka duniya da lahira.

Na san ba a cika ambaton mutum a irin wannan ba, ana cewa ladansa na raguwa, amma Mai Shayin bakin layinmu sai ka yi haƙuri. Da muka buɗe adakar, danƙon sitikun ya jiƙe, kusan duk sun manne sun zama curi guda. Na fara ɓamɓarowa suna yagewa. Shi ya ƙwace daga hannuna, ya ce, "Yaya, ba da ƙarfi ake yi ba." Dare uku, bayan ya sallami masu shan shayi, yana kara su a tiririn butarsa yana raba su ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, matan gida suna shanyawa a tabarma a inuwa.

A nan na ga abubuwan da na manta muna da su. Ta Muryar Jamus mai adireshin Kolon, tun kafin su koma Bon a 2003, tana nan da ambulan ɗinta da kan sarkinta. Baba yakan ce su da Rediyon Sin sa'annin juna ne, duka a 1963 suka fara Hausa. Ta BBC ta zamanin Bush House, gidan da suka bari a 2012, ta ɗan koɗe amma ana karantawa. Ita ya fi ji da ita, don a cewarsa tun 1957 suke magana da mu, wa ya kai su daɗewa? Akwai ta Muryar Amurka, wadda sashenta na Hausa ya zo a 1979, yana kiransu 'yan baya-bayan nan, har RFI ta Faransa ta fara a 2007 ta karɓe sunan. Ta RFI ɗin ni na samo ta da hannuna. Ta Rediyon Kaduna kuwa, gidan da aka buɗe a 1962, ruwa bai ko taɓa ta ba, tana can tsakiyar littafin da yake rubuta mitocin gajeren zango.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Wasiƙa za ka rubuta, ka kai gidan waya, ka yi wata biyu kana kasa kunne ko za a karanta sunanka, sannan wata rana ambulan ya iso da sitika ɗaya da kalanda.

Ta Rediyon Mosko ce kawai ta narke gaba ɗaya, kuma babu inda za a nemo wata, sun daɗe da daina Hausa.

'Yan ƙungiyarmu ta masu sauraron rediyo, na Kano da na Maraɗi da Damagaram, kuɗin da kuka haɗa su suka sayi bulo da kwano. Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zato, ya tsare ku da ganin irin wannan dare, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Liman da mai unguwa, Allah ya ƙara girma. Maƙwabciyarmu da ta ba Inna gadonta ta koma ƙasa, Allah ya gina miki gida a Aljanna.

Dangi na birni da har yau wayarsu ba ta shigo ba, mun gode, wataƙila babu sabis ne. Wanda ya ce takardu ne kawai, shi ma na ji.

Mai Shayi, kuɗin gawayinka yana nan. In ka sake ƙin karɓa, wurin mahaifiyarka zan kai.