Saƙon Murya na Minti Huɗu da Ya Kwanar da Ni Bayan Kanta

Minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, iyakar tsawonsa ke nan. Na naɗe shi ina zaune a kan buhun albasa a kasuwar Mile 12 bayan la'asar, zuciyata na tafasa, na tura shi zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Legas. Kafin isha'i ya zaga Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Washegari wani abokina ya turo mini shi daga Kano, wai in saurara in ji abin da ake yi a Ikko. Bai ma gane muryata ba ce.

Ƙanwata ce sila. Mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, ɗan shekara 9. Da ta fita takaba sai ta fara zuwa karatu wurin wani malami da ya kama hayar gida sukutum a can bayan layin dogo. Ba zan kama sunansa ba. Na taɓa kamawa sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Da farko har daɗi muka ji, mun ce ta sami abin ɗebe kewa. Sai ta daina cin girkin gidanmu. Sai ta ce sallar da muke yi bayan limaminmu ba karɓaɓɓiya ba ce. Sai ta cire yaron daga boko da islamiyya duka biyun. Kuɗin gado, nata da na marayan, ta tura su asusun gidan kashi uku, wai ana tsarkake dukiya. Daga ƙarshe ta tattara komatsanta ta koma can da zama. Na tambayi malaman Izala, na tambayi na ɗariƙa, babu wanda ya san inda mutumin nan ya yi karatu. Ranar da Inna ta je ganin 'yarta aka tsayar da ita a bakin ƙofa, tsohuwa da sandarta, aka ce mata ana halwa ba a ganin baƙi, ranar ce na yi saƙon.

Na ce matsafi ne. Na ce ƙungiyar asiri yake tarawa. Na ce sabon Maitatsine ne ya tsiro mana a Legas. Na kama sunansa, na kwatanta gidan har da launin fentin ƙofa. Zancen Maitatsine kuwa ba daga sama na ɗauko shi ba: Baba yana Fagge a Disambar 1980, lokacin da aka yi ta 'Yan Awaki, inda mutum sama da 4,000 suka mutu, kuma mun tashi muna jin yana cewa kowa ya ga alamu tun da wuri amma kowa ya ja bakinsa. Ni a tunanina ina yin abin da mutanen wancan zamani suka kasa ne.

Kwana biyu tsakani samari suka taru a ƙofar gidan, suka yi jifa, suka fasa gilasan taga. Ban aike su ba, ban san rabinsu ba. Amma duk wanda ya zauna a Legas a 2017 ya san yadda aka yi a Ikorodu lokacin 'yan Badoo, ƙungiyar nan da ke bin gidaje da dare tana kashe mutane, yadda zargi kawai ya isa a rufe mutum da duka har lahira. 'Yan sanda ma ba su manta ba. Da takardar gayyata ta iso, wanka na yi na sa babbar riga, ina cewa alhamdu lillahi hukuma ta farka. Na shiga ofishin a matsayin mai ƙara a zuciyata. Ashe ni ne wanda ake ƙara.

Lauyan malamin ya riga ya shigar da takardar koke. Sun sa an rubuta saƙona kalma bayan kalma, an juya shi zuwa Turanci, ga shi a kan tebur shafi biyu. A nan na gane cewa “ƙungiyar asiri” da muke faɗa a bakin kasuwa, mu jefi duk wanda ba mu gane masa ba da ita, a Legas sunan laifi ne mai lamba. Tun 2021 jihar ta yi dokar haramta ƙungiyoyin asiri, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da laifin zama ɗan ƙungiya. Wato na tsaya gaban dubban mutane na ɗora wa mutum laifin shekara 21. Ɗan sanda mai binciken ya dube ni ya ce, ta bakin tafinta: wa ya kashe, wa ya rantsar, ina makamin, ina wurin tsafin, wa zai ba da shaida? Na ce ai kowa ya sani. Ya ce ya rubuta “kowa” a matsayin sunan shaida? Ya juyo kaina da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai magana kan yaɗa saƙon ƙarya da zai iya tayar da hargitsi, ya nuna mini hotunan tagogin da aka fasa. A daren nan bayan kanta na kwana, da babbar rigata. A bangon ofishin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Bari in bar wannan zance a nan.

Lauyar da dattawan masallacinmu suka samo mini Bayarabiya ce haihuwar Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta saurari saƙon sau biyu ba ta ce uffan ba, sannan ta ce: “Alhaji, a cikin minti huɗun nan abubuwa biyu ka faɗa da kotu za ta saurara, kuɗin maraya da cire yaro daga makaranta. Duka biyun a daƙiƙa goma ka wuce su. Sauran duk zagi ne.”

Na ce, Barista, to aƙidarsa fa? Mutum yana cewa shi ya san wanda zai shiga Aljanna. A Kano da tuni an kai maganar Hisba, ko gwamnati ta rufe wurin kamar yadda ta hana Abduljabbar wa'azi a 2021. Ta ce nan ba Kano ba ce, babu Hisba, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa, har da canza shi, har da yaɗa shi. Ƙanwarka baliga ce, da ƙafarta ta tafi. Abin ya yi mini ciwo, har na fara cewa wannan wace irin doka ce. Sai ta tuna mini cewa da wannan sashe ne Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'ya'yanmu mata sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a 2022. Na yi shiru. Inuwar da nake so a sare, ashe ni ma a ƙarƙashinta nake shan iska.

Ita ce ta ba ni misalan da har yau nake ba mutane. Faston nan na Ajao Estate da ake kira Reverend King, wanda ya watsa wa mabiyansa fetur ya cinna musu wuta a 2006 har mace ɗaya ta mutu: babbar kotu a Ikeja ta yanke masa hukuncin kisa a 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. Kisa da yunƙurin kisa aka tuhume shi da su, ba abin da yake karantarwa ba. Cocin Synagogue na Ikotun kuma, shekara da shekaru ana surutu a kansa, amma abin da ya kai maganarsa gaban mai binciken musabbabin mutuwa shi ne rushewar masaukin baƙinsa a ranar 12 ga Satumba 2014, inda mutum 116 suka rasu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Tambayoyin da aka yi a can na gini ne: ina izini, wane injiniya, yaya aka ƙara hawa. Ko a arewa, gidan marin nan na Rigasa da aka fasa a 2019, sarƙa a ƙafar mutane da tabon duka a bayansu ne suka sa 'yan sanda suka shiga.

Maganata ta mutu da sulhu. Na biya kuɗin gilasai da ban fasa ba, na sa hannu a takardar cewa ba zan ƙara ba, na kuma naɗi saƙo na biyu ina janye kalamaina. Wannan na biyun ko mutum goma ban jin sun tura shi gaba.

Amma duk wannan ƙaramin hasara ne. Babbar ita ce mai gidan da suke haya ya tsorata, don dokar nan ta 2021 ba ta bar wanda ya ba da gidansa ba. Ya ba su notis. Cikin sati uku suka kwashe suka tsallaka jihar Ogun, can gaba da Sango Ota, wani fili da ba shi da maƙwabci balle mai leƙe. Da, Inna na iya hawa Keke Napep ta je ta tsaya a bakin ƙofa ko ba a buɗe mata ba. Yanzu babu wanda ya san ƙofar. Kuma na ba malamin abin da ya fi so a duniya: ya tara su ya kunna musu muryata, ya ce kun ji danginku, kun ga jifan, wa ya rage muku in ba ni ba? Ƙanwata ta rufe lambata. Wata takwas ban ji muryarta ba. Garin gyaran gira na tsone ido, da hannuna, ina kan buhun albasa.

Abin da ya buɗe ƙofa ba ni na yi shi ba. Matata ce, wadda duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa ce wa ƙanwata komai game da malaminta ba, sai dai ta aika mata gaisuwa da hoton Inna. Da Babbar Salla ƙanwata ta yarda ta kawo yaron ya kwana biyu wurin kakarsa. Wurin wanka matata ta ga bayansa: shatar bulala, sabuwa a kan tsohuwa. Wallahi hannuna har ya kai aljihu zan ɗauko waya. Ta riƙe ni ta ce, “Maigida, asibiti za mu, ba WhatsApp ba.”

Asibitin gwamnati muka je, likita ya duba ya rubuta rahoto. Barista ta haɗa shi da takardar makarantar da ke nuna ranar da aka cire yaron, da bayanan banki na kuɗin nan kashi uku. A takardar kokenmu babu kalmar tsafi, babu asiri, babu ɓata, babu Maitatsine. Yaro kaza, shekara kaza, rauni kaza, rana kaza, sai dokar kare haƙƙin yara, wadda Legas ke da tata tun 2007, Ogun ma tana da tata. Na karanta takardar na ji ta salam kamar miya ba gishiri. Ita ce kuma ta yi aiki. An kama wanda ke dukan yaran, wani mataimakin malamin, shari'arsa na gaban majistare, ana ta ɗage ta yadda aka saba. Yaron yana hannunmu, ya koma aji. Maganar kuɗin ta fi wuya, domin rabonta ita da kanta ta tura, kuma har yau cewa take sadaka ta yi.

Yanzu in wani ya same ni a rumfa yana huci, wai ɗan'uwansa ya faɗa hannun wasu mutane, abu na farko da nake ce masa shi ne ya ba ni wayarsa in riƙe masa har ya huce. Sannan ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta rana da abin da ya gani da idonsa, ban da abin da aka ce an ce. Ya adana rasit da saƙon banki. In akwai yaro a ciki, ta kansa zai fara. Ya ga lauya kafin ya ga ɗan sanda. Kuma ko me za a yi, a bar mutum ɗaya a gida wanda bai zagi malamin ba, don wata rana ta wannan ƙofar za a dawo. Yawancinsu sukan dube ni kamar na zama matsoraci. Da ni ma haka zan dubi kaina.

Malamin yana nan yana karatunsa, ƙanwata ma tana can. Takan kira ranar Juma'a a wayar matata ta yi magana da ɗanta. Makon jiya ta ce a ba ni. Muka gaisa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ƙafar Inna. Har za ta kashe sai ta ce, “Yaya, har launin ƙofa fa ka faɗa musu. A ɗakin da dutsen farko ya faɗo nake kwana.”